Taron dillalai: abin da na koya a shekarar horona ta talla

Duk wanda ya gama ƙaramar difloma a kwalejin kimiyya da fasaha a Najeriya sai ya yi shekara guda yana horon sanin makamar aiki kafin a ɗauke shi babbar difloma. Ni fannin talla da kasuwanci na karanta, kuma nawa horon ya faɗo a 2023, a wani kamfani da ke sarrafa taliya da sinadarin ɗanɗanon girki a Kano. A makaranta an koya mana ginshiƙan talla guda huɗu: kaya, farashi, wurin sayarwa da tallatawa. A ofis kuma mun yi fosta, mun rubuta sanarwar rediyo, mun saka hotuna a Facebook da Instagram. Amma aikin da ya fi cin ƙarfin sashenmu shi ne taron dillalai, wanda kamfanin ke yi sau ɗaya a shekara. Ana tara manyan 'yan sari wajen mutum 400, a nuna musu sabon kaya, a sanar da farashi da rangwame, a karrama waɗanda suka fi kwasar kaya.

Shugabar sashenmu, wadda kowa ke kira Hajiya, ba ta fara shiri daga yau ta nufi ranar taro. Ranar taron take rubutawa a saman allo, sai ta riƙa dawowa baya. Idan ana son katin gayyata ya isa hannun mutane da sauran mako biyu, yaushe za a kai shi wurin bugawa? Kafin a buga kuma dole a san zauren, kafin a kama zaure dole a san adadin baƙi, adadin baƙi kuwa yana hannun masu kai kaya kasuwa, su da suka san wane ne dillali na gaske, wane ne ya yi sari sau ɗaya ya ɓace. Kowane aiki a allon nan yana da sunan mutum ɗaya a gefensa. Ba ta yarda a rubuta "sashen talla" ba, don a cewarta aikin da aka ba kowa, babu mai yin sa.

Kasafin kuɗi ne ya fi ba mu wuya. Ranar 29 ga Mayun wannan shekarar aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, sannan darajar naira ta faɗi a watan Yuni. Mai kujeru zai ba ka farashi ranar Litinin, ka koma ranar Alhamis ya ce kuɗin mota ya ƙaru, kuma gaskiyarsa ce. Don haka duk wanda muka daidaita da shi, nan take ake ba shi kafin alƙalami, a rubuta yarjejeniya: kujeru nawa, ƙarfe nawa za su iso, wa zai biya 'yan dako, yaushe za a cika masa kuɗinsa. Ni aka ɗora wa riƙe waɗannan takardu da rasit-rasit. Hajiya ta kuma ware wani kaso na kuɗin ta hana a taɓa, ta ce na abin da ba a zata ba ne. Harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari ma sai da na koyi tambaya tun farko, ko yana cikin farashin da aka faɗa mana ko daga baya za a ɗora.

Mafi yawan baƙinmu 'yan Kasuwar Singa ne, inda ake sarin sukari, fulawa, mai, madara da taliya katan-katan, sai wasu daga Sabon Gari, da na Katsina, Jigawa da Bauchi, har da 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ke zuwa sari Kano. Irin waɗannan mutane ba a tura musu gayyata ta waya kawai a zauna. Ƙafa da ƙafa ake kai kati. Na bi wani jami'in kasuwancinmu shagon wani dattijo da ya daɗe yana ɗaukar kayan kamfanin. Ya ajiye kalkuletarsa, ya sa aka kawo mana ruwa, ya ɗaga katin ya karanta a hankali, yaransa na ta loda katan-katan a mota a bakin shago.

"'Yata, ke kika rubuta ƙarfe goma na safe, ranar Laraba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka aka tsara a ofis."

Ya ce, "Ƙarfe goma na safe ni ina nan, baƙina na nesa lokacin suke biyan kuɗi su kama hanya. Idan kuna son mu zo da kanmu, ba mu turo yara ba, ku sa ranar da kasuwa ta lafa. Ki gaida Hajiya, ki faɗa mata haka na ce."

Wasu dillalan ma irin maganar suka yi. Da muka kai wa Hajiya, ba ta yi gardama ba. Ta je ta shawo kan manyan kamfanin aka mayar da taron Lahadi, aka sake buga kati, aka ɗauki asarar bugun farko daga kuɗin nan da ta hana a taɓa. Ni a ganina wannan shawarar ita ce ta ceci taron gaba ɗaya, don zauren da ya cika da yaran shago ba zai haifar da oda ko ɗaya ba. Mai cewa a kawo tirela guda shi ake nema a kujera.

Daga nan na lura da yadda take duba komai ta idon baƙo. Da muka je ganin zaure, ba dandamali ta fara hawa ba. Kujerar can ƙarshe ta je ta zauna, ta ce a kunna lasifika ta ji ko magana na isowa, a kunna majigi ta ga ko rubutu na karantuwa. Ta leƙa banɗaki, ta buɗe famfo. Ta tambayi inda za a yi alwala da inda za a shimfiɗa darduma, ta sa na rubuta butoci cikin jerin sayayya. Ta ware ɓangaren mata da ƙofarsu, saboda akwai hajiyoyi dillalai da ke sari mai yawa amma ba sa son cinkoso da maza. Jadawalin kansa a kan lokutan salla aka gina shi: a fara da hantsi, a tashi azahar a ci abinci, a kammala kafin la'asar don na nesa su koma gida da rana. Duk jawabai da Hausa aka tsara su, har manajan da ya zo daga Legas sai da aka haɗa shi da tafinta, aka kuma roƙe shi ya taƙaita.

Maganar wuta kuwa, janareta biyu muka tanada, aka zuba musu man gas tun daren jajibiri a gaban idona, aka gwada sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya. Mai kula da su Hajiya ta sa aka fara ba abincin safe kafin kowa, ta ce duk zauren nan a hannunsa yake. Haka take da masu shara, masu gadi da masu jera motoci. Ta san sunayensu, kuma ba ta bari a tashi taro ba a sallame su ba.

Ranar taron ni ce a teburin rajista da wasu 'yan horo biyu. Kowane baƙo muna rubuta sunansa, kasuwarsa da lambar wayarsa, mu ba shi tikitin abinci da na kyauta. Tikitin nan ƙaramar takarda ce, amma ita ta hana rububi lokacin rabo, don a Kano mutum ɗaya aka gayyata, uku ke zuwa, kuma ba a korar baƙo. An tanadi ƙarin abinci saboda direbobi da 'yan rakiya, aka raba musu nasu daban a rumfar waje. Babban baƙon da zai miƙa lambar yabo ya yi latti, sai Hajiya ta raɗa wa mai gabatarwa ya fara gabatar da ɗanɗanon sabuwar taliyar, aka dafa a wurin, kowa ya ci a ƙaramin faranti. Babu wanda ya san an sauya tsari sai mu da ke riƙe da takardar.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne lokacin jin koke. Minti 20 aka ware masa. Wata hajiya daga Haɗeja ta karɓi makirufo ta ce katan ɗinmu na yagewa idan aka jera shi da yawa a mota, kuma ita ke ɗaukar asara. Wani ya ce mutane yanzu ba sa iya sayen babban ƙulli, a fito da ƙarami wanda mai shagon unguwa zai sayar da kuɗi kaɗan. Wani ya ce ana jinkirin kawo kaya bayan an biya. Hannaye suka yi ta tashi. Mai gabatarwa ya kalli Hajiya alamar lokaci ya ƙare, ta girgiza kai, ta soke wani jawabi da ke gaba, ta ce min, "Ƙanwata, rubuta duka, har da sunan mai magana." Na cika shafuka. A aji mun karanta binciken kasuwa da takardun tambayoyi, amma ban taɓa jin bayani mai tsabta irin wanda waɗannan mutane suka bayar kyauta ba, saboda kuɗinsu ne a ciki.

Washegari ba a huta ba. Muka ƙirga kujerun haya aka mayar, muka haɗa rasit da abin da aka kashe, aka cika wa kowane mai aiki kuɗinsa. Sai aka raba mana jerin rajistar nan, muka riƙa kiran baƙi ɗaya bayan ɗaya, mu yi godiya, mu tambayi ko sun isa gida lafiya, sannan a haɗa mai son oda da jami'in yankinsa, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Hajiya ba ta auna taro da yawan mutane ko kyan hotuna. Odar da ta shigo cikin makonnin da suka biyo baya take dubawa, ta kwatanta da kuɗin da aka kashe. Koke-koken kuma ta sa na tsara su a rahoto, ta kai wa sashen sarrafa kaya da na sufuri da hannunta.

A ƙarshen shekara, cikin hunturu, kamfanin ya kama rumfa a kasuwar baje koli ta duniya da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa a titin gidan Zu. A can mutanen da ke zuwa daban ne, iyalai da yara da masu sayen ƙulli ɗaya ko biyu, kuma sun fi cika wurin daga la'asar zuwa dare. Hajiya ta bar min tsara jadawalin ma'aikatan rumfar da lissafin kayan ɗanɗano na kowace rana, ni kuma na sa mafi yawan ma'aikata a zangon yamma, na bar mutum biyu da safe suna kakkaɓe ƙura da jera kaya.