Ƙarar bindiga ba ta kaɗo jirgi

Ƙannena, shekara shida na yi ina kula da gonar shinkafa ta wani attajiri, kuma duk damina jan-baki ke cin rabonmu. Dabarata ɗaya ce: in tara yara, in raba musu gwangwanaye da gwafa, su wuni suna ihu. Maigida in ya zo ya ji gona ta kaure da hayaniya, sai ya ce aiki na tafiya. Ni ma haka na ɗauka. Ban taɓa zama na ƙirga buhu nawa hayaniyar ta tsirar ba.

Sai bayan na bar aikin na karanta tarihin Janar Frederick Pile, wanda ya shugabanci rundunar bindigogin kakkaɓo jiragen sama ta Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, daga 1939 har 1945. Kunya ta kama ni.

A Satumbar 1940, jiragen Jamus suna ta ruwan bama-bamai a kan Landan kowane dare. Pile ya ƙaro bindigogi cikin birnin, ya ce a yi ta harbi sama ba ƙaƙƙautawa. Mutanen gari hankalinsu ya ɗan kwanta, don sun ji ana rama musu. Amma jiragen da aka kaɗo ba su taka kara sun karya ba, kuma shi kansa ya san haka. Ihun yarana ke nan. Inda muka raba hanya da shi, bai yaudari kansa ba. Ya riga ya jawo masanin kimiyya Patrick Blackett, wanda ya tara masu lissafi suna bin diddigin harsashi nawa ake ɓarnatarwa kafin jirgi ɗaya ya faɗo, suna gyara yadda ake haɗa rada, wato na'urar gano jirgi daga nesa, da bindiga. Janar guda, da furfurarsa, yana sauraron farar hula masu alƙalami.

Ni kuwa wata ɗalibar aikin gona ta zo koyon aiki wurinmu, ta ce min: "Baba, tsuntsayen nan a cikin kacalla bakin kogi suke kwana, can ya kamata a tare su." Na yi dariya, na ce yarinya ta karanta takarda. Shi Pile a 1941 ya shigar da mata cikin rukunonin bindigoginsa, suna riƙe rada da na'urorin auna nisan jirgi, duk da ba a yarda su harba da hannunsu ba. Har Mary, 'yar Churchill, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, ta yi wannan aiki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na 1944. Da Jamus ta fara harbo bama-bamai masu tashi da kansu, V-1, shi da kwamandan sojan sama Roderic Hill suka kwashe bindigogin daga kusa da Landan a watan Yuli, suka jera su a bakin teku, inda bam ɗin ke shigowa. Da sabuwar rada daga Amurka da harsashin da ke fashewa in ya kusanci abin hari, kafin ƙarshen Agusta yawancin bama-baman ba sa isa birnin.

Shawarar yarinyar nan ke nan, ba ragi ba ƙari. Wanda ya gaje ni ya gwada ta a daminarsa ta farko. Ni dai har yau ban iya tuna sunanta ba.