Na je Filifin ganin ƙanwata, shinkafa da kwakwa suka riƙe ni

Ƙanwata ce ke karatun nas a Dagupan, wani gari a lardin Pangasinan can arewacin Manila, kuma tun da ta tafi ba wanda ya leƙa ta daga gida, sai dai kiran bidiyo, shi ma sai an yi lissafi tunda sun riga mu da awa 7. To da hutun Disamba ya zo aka ce ni ce mara nauyi a ka, ni zan je. Daga Abuja muka bi ta Doha muka sauka Manila, zafi da gumi suka tare ni tun daga bakin ƙofar filin jirgi duk da wai lokacin sanyinsu ne. Cunkoson Manila kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba. Muka shiga doguwar bas zuwa Dagupan, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce, gonakin shinkafa hagu da dama har ido ya gaji.

Matsalata ta farko abinci ne. Mutanen nan suna son naman alade ba kaɗan ba, a miya yana nan, a soye yana nan, wani lokacin ko ganye aka dafa sai an jefa ɗan yanki don ɗanɗano, ga ni da tsantseni, komai aka miƙo sai na kalli ƙanwata ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Kifin bangus da garin ya yi suna a kansa shi ya fara cetona, amma mutum ba zai yi ta cin kifi safe da rana da dare ba. A cikin bas ɗin nan ma na fara haɗuwa da kayan shinkafa da kwakwa, wajen da muka shiga Pangasinan wata mata ta hau da kwando tana kiran tupig tupig, ƙanwata ta saya ta ce Yaya wannan ci kawai ba sai kin tambaya ba, shinkafa ce da kwakwa da sukari. Abu ne siriri dogo a naɗe cikin ganyen ayaba, an gasa shi a garwashi har ganyen ya yi baƙi, in kin ɓare sai ƙamshin hayaƙi ya buge ki, gefen ya ɗan ƙone ya yi ƙauri mai daɗi, ciki kuma danƙo da 'yan zaren kwakwa ɗanya. Na cinye nawa na koma kan nata.

Duk irin waɗannan kayan ƙwalama na shinkafa kakanin suke ce musu, kuma suna da yawa sosai, kowane gari da nasa da yake taƙama da shi. Ba abincin biki kaɗai ba ne, su mutane ne masu cin abu tsakanin abinci da abinci, da hantsi a taɓa, da la'asar a taɓa, merienda kenan, kuma yawanci kakanin ne da kofi.

Gidan da ƙanwata ke haya na wata dattijuwa ce, kowa Nanay yake ce mata, ni ma na bi sahu. Ƴar ƙaramar mata ce mai saurin magana, tana yin kakanin na sayarwa in an yi mata oda, kuma Disamba lokacin kasuwarta ne. Da ta ji labarin wahalar da nake sha da abinci sai ta yi dariya ta ce in sauko bayan gida da safe in ga abin da take sawa da idona. Ai kuwa tun daga ranar bayan gidan nan ya zama wajen zamana, yawon buɗe idon da aka tsara min rabinsa bai yiwu ba.

Abin da na fara gani shi ne aikin kwakwa. Suna da wani ɗan benci gajere mai ƙarfe mai haƙora a gaba, kudkuran, mutum zai hau ya zauna a kai ya riƙe rabin kwakwa da hannu biyu yana gogawa, farin garin yana zuba a roba a ƙasa. Jikanta ne ke wannan aikin, yaro ɗan sakandare, yana yi yana kallon waya a jingine da bango. Ana iya kai kwakwa kasuwa a goge da inji, amma Nanay ta ce na inji yana haɗawa da ɓawo ya ɓata mata fari. Sai a zuba ɗan ruwan ɗumi a matse da hannu, matsar farko mai kauri a ajiye ta daban, sannan a ƙara ruwa a yi ta biyu mai ruwa-ruwa. Ta farkon nan ita ake ɗorawa a wuta a bar ta tana tafasa har mai ya rabu ya taso, sauran ya dunƙule ya zama 'yan gudaji, a ci gaba da juyawa har su yi ja, shi ne latik. Ƙamshin wannan abin wallahi har titi. Man kuma ba a zubarwa, da shi ake shafe ganyen ayaba kada abu ya manne, ganyen ma sai an ɗan gifta shi a kan wuta ya yi laushi in ba haka ba yagewa yake.

Ranar biko ce na gane me yasa hannun tsohuwar nan yake da jijiyoyi haka. Shinkafa ce mai danƙo, malagkit, an jiƙa ta an ɗan dafa ba ta gama nuna ba, sai a zuba madarar kwakwa ta biyu a wani ƙaton kasko da jan sukarin rake a bar shi ya yi kauri, sannan a juye shinkafar a ciki a fara tuƙi. Da farko wasa ne, ina ta cika baki ni da na taso ina tuƙa tuwon gidan mutum goma sha, ta miƙo min muciyar ta koma gefe ta zauna. Can abin ya fara kamewa yana jan muciyar, ga zafin itace a fuska, ga shi ba dama ki tsaya don ƙasan zai kama nan take, kafaɗata ta fara kuka, ita kuma tana daga zaune tana cewa sige pa, sige pa, wato ci gaba, ƙanwata tana ta dariya tana ɗauka a waya wai za ta tura wa Umma. Sai da ya fara sakin jikin kaskon yana naɗewa wuri ɗaya yana sheƙi sannan ta karɓa, ta juye a faifai mai shimfiɗar ganye, ta danne da bayan cokali ya baje, ta barbaɗa latik a sama. Da ya huce aka yanka shi gida-gida. Na taɓa sayen biko a wani babban shago daga baya a cikin roba, ba laifi, amma shinkafar ta yi laɓo kuma sukari ya danne komai, ba ka jin kwakwar sam. Nata kuwa kowace ƙwaya tana nan da kanta amma a manne da 'yar uwarta.

Calasiao garin da ke manne da Dagupan ne, a babur mai ɗan ɗaki a gefe muka je, ni a ciki a lanƙwashe gwiwa har haɓa. Garin ya shahara da puto, kuma kusa da tsohon cocin garin akwai layin rumfuna da ba abin da suke sayarwa sai shi, tsibi-tsibi, fari da kore da ruwan hoda da rawaya, ana aunawa a kilo. Ƙanana ne, loma ɗaya, masu taushi da ɗan danƙo da ɗan tsami can ƙasa. Wata ƙawar Nanay a ƙauyen da ake yin sa ta bar mu muka shiga inda take aiki, shinkafa ake jiƙawa a niƙa a zuba a tulun ƙasa a bar ta ta kwana uku ko fiye tana tashi da kanta, ana ƙara sukari a hankali, sannan a zuba a 'yan ƙananan gwangwanaye a turara. Tana buɗe tulun nan na tsaya cak, ƙamshin ƙullun masa ne sak, irin wanda ke tashi a tsakar gida da asuba, sai dai su turarawa suke mu kuma mu soya a tanda. Ta ce tulun ba a wanke shi tas, tsohon ƙullun da ya kama jikinsa shi ke tayar da sabo. Abu ɗaya da zan gaya wa duk Musulmin da zai je, puto shi kaɗai lafiya lau ne, amma suna son cin sa da wata baƙar miya, dinuguan, wadda jinin alade ce, to in an haɗo miki da ita ki ɗauki puton ki ki bar musu miyarsu.

Ba duka ne suka shige ni ba gaskiya. Kutsinta, wani ja mai santsi da ake sa wa ruwan toka ya yi taunar roba, na gwada na sake gwadawa ban ga abin so ba, duk da gogaggiyar kwakwar da ake zuba masa. Sapin-sapin kuma ido yake ci, hawa uku, launin shuni na doyarsu ube, rawaya, da fari, kyau kamar kar a taɓa, amma zaƙin ya yi min yawa. Palitaw ne ya ba ni mamaki don sauƙinsa, garin malagkit ne kawai a kwaɓa da ruwa a mulmula a baje a tafin hannu a jefa a tafasasshen ruwa, da ya taso sama ya nuna, a tsame a birkita shi a kwakwa a barbaɗa sukari da soyayyen riɗi. Yaran gidan ne ma suke yin sa.

Daga 16 ga Disamba zuwa 24 Kiristocinsu na zuwa coci da asuba kwana tara a jere, Simbang Gabi, kuma Nanay na da tebur a bakin titi kusa da cocin unguwarsu. Ni dama na tashi sallar asuba, to sai in idar in sa hijabi in bi jikanta mu kai mata kaya. A nan na ga bibingka. Ɗan kaskon ƙasa ne da ganyen ayaba a ciki, a zuba ƙullun shinkafa da madarar kwakwa, wuta a ƙasa, sannan a ɗora wani faranti cike da garwashi a sama, yana gasuwa ta bangare biyu, a sa yankan ƙwan agwagwa mai gishiri a kai, in ya fito a shafa bota a zuba sukari da kwakwa. Gishiri da zaƙi a loma ɗaya, da farko na yamutsa fuska, kafin kwanakin su ƙare ni ke cewa a ƙara min ƙwan. Kusa da ita wata na yin puto bumbong, shinkafa ce mai launin shuni da ake ɗurawa a 'yan guntayen gora a kafa su a bakin wata tukunya mai hanci, tururi na bi ta ciki, minti kaɗan a zare a buga a kan ganye ya faɗo dogo. Mutane na fitowa daga coci cikin duhu suna layi, kowa da kofin shayin citta a hannu, ni kuma ina gefe ina naɗe wa Nanay ganye, ba wanda ya kalle ni sau biyu, sai wata tsohuwa da ta tambaya ko daga Mindanao nake.

A Mindanao ɗin ne Musulmin ƙasar suka fi yawa, ban samu zuwa ba, amma wata 'yar ajin ƙanwata 'yar Marawi, wani gari a can Mindanao, ta kawo mana dodol da aka aiko mata daga gida, baƙi-baƙi mai danƙo a naɗe cikin ɓawon masara. Ta ce su da azumi da sallah ake yin sa, kuma tuƙinsa awanni ne, maza ake sawa suna karɓa-karɓa. Na tuna kafaɗata da biko na ce Allah ya ba su lada.

Da zan taho Nanay ta so ta cika min jaka, ƙanwata ta hana, ta ce abin kwakwa ba ya jure hanya, kafin Doha ya yi tsami. Suman, wani kakanin na malagkit da ake dafawa a naɗe cikin ganye, kawai na karɓa, shi ma na ci a bas ɗin komawa Manila ne, sai kilo biyu na ɗanyar malagkit da na tura ƙasan akwati. Umma ta riga ta ga bidiyon tuƙin nan, tun ina filin jirgi ta turo saƙon murya wai in na huta ita ma tana son ta ga wannan shinkafar da ta gagare ni.