Yinin da muka hau Ɗa'ifa

Laraba, tsakar dare, a masaukinmu na Makka.

Yau muka je Ɗa'ifa, ni da maman yara da Kawu. Tun muna gida Kawu ya kafa sharaɗi cewa in dai da shi za a yi wannan umarar, to sai an kai shi garin nan, ko da ita kaɗai ce ziyarar da za a yi. Shekara da shekaru yana karantar da yara sira a zaure, yana ba su labarin Ɗa'ifa, bai taɓa sa ta a ido ba.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Direbanmu Bahaushe ne haifaffen Makka, kakansa ya zo aikin hajji a ƙasa ya yi zamansa. Hausarsa garwaye take da Larabci, kuma tun da ya ga furfurar Kawu bai kira shi da komai ba sai Baba. Ya ce hanya biyu ce, ko ta Sailul Kabir mai ɗan nisa amma babu hawa mai tsanani, ko ta Hada wadda ke tunkarar dutsen gaba da gaba. Kawu ya ce a bi ta Hada.

Mun wuce ta gefen Arfa, fili fetal babu kowa, sai ga duwatsu sun tare gaba kamar ba hanya. Daga nan titin ya fara naɗewa a jikin dutse, kwana bayan kwana, in ka leƙa ta taga sai ka hango inda ka baro can ƙasa. Kunnuwana suka toshe. Tsakanin Makka da Ɗa'ifa bai kai kilomita 100 ba, amma Makka tana kwari ne, ita kuwa Ɗa'ifa tana bisa tsaunukan Sarawat, wajen mita 1,800 sama da teku. Da muka fito daga mota a saman Hada sai da maman yara ta ƙara lulluɓi. Sanyin irin na Jos ne da sassafe. Nan na gane abin da ya sa gwamnatin Saudiyya a da take tattarowa ta dawo garin in zafi ya yi zafi. A nan ma Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953.

Gwaggon birai sun cika bakin titi, manya da ƙanana, wasu uwaye da 'ya'ya maƙale a ciki. Wani ƙato ya dira kan motarmu yana leƙen ledar burodin da ke cinyar maman yara, direba ya ce, "Hajiya, ɗaga gilas, waɗannan ba su da kunya." Mutane na ta jefa musu ayaba da biskit har da ledojinsu. Abin bai yi mini daɗi ba, domin gangaren duk ya cika da shara, dabbobin kuma sun bar kiwo sun koma bara.

Da yake lokacin fure ne, direba ya ce mu fara da gidan da ake tatsar turare tun rana ba ta ɗaga ba. Furen wardi na Ɗa'ifa 'yan makonni kawai yake yi, tsakanin Maris da Afrilu, kuma da sanyin safiya ake tsinkarsa kafin rana ta kwashe ƙanshin. Mun tarar an zube shi tuli a ƙasa, ruwan hoda, da sauran raɓa a jiki. Wani ma'aikaci na auna shi yana juyewa cikin manyan tukwanen tagulla da aka jera a kan murhu, a zuba ruwa, a rufe a liƙe bakin, a sa wuta a hankali. Tururin yana bin bututu ya ratsa ruwan sanyi, ya riƙa ɗiga cikin wata ƙatuwar kwalba mai siririn wuya. Na durƙusa na duba da kyau: a saman ruwan akwai wani ɗan siririn zobe na mai, shi ake zuƙewa da sirinji. Fure sama da 10,000 ke ba da tola ɗaya. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara cewa masu turare sun cika tsada ba. Man ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka sayi ruwan furen, wanda irinsa ake haɗawa da zamzam a wanke ɗakin Ka'aba.

Daga nan muka gangara cikin gari, unguwar Masna, inda masallacin Addas yake. Ɗan ƙaramin gini ne da aka yi daga baya a cikin tsofaffin lambuna. Itatuwan inabin da ke wurin yanzu suke fitar da ganye, 'ya'yan sai nan gaba. Kawu ya nemi gefe ya zauna, ya fara ba mu labarin da na sani tun ina yaro, amma yau ya shige ni ta wata hanya dabam.

A shekara ta 10 bayan aiko, bayan rasuwar Abu Ɗalib da Nana Khadija, Manzon Allah (SAW) ya zo garin nan tare da Zaidu ɗan Harisa yana neman Banu Saƙif, ƙabilar garin, su karɓi kira. Shugabanninsu uku, 'yan'uwan juna, suka yi masa izgili, sannan suka tura masa yara da wawaye suna jifa har ƙafafunsa suka yi jini, Zaidu yana kare shi har aka fasa masa kai. Ya fake a lambun Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, suka aiko bawansu Addas da nonon inabi. Addas Kirista ne mutumin Ninawa, garin Annabi Yunusa. A duk garin, baƙo kuma bawa shi ne ya gane wanda ke gabansa. Da Kawu ya zo wurin da mala'ikan duwatsu ya nemi izni ya haɗe duwatsu biyu a kan mutanen da suka ƙi shi, Manzon Allah ya ce a'a, yana fatan Allah ya fitar daga tsatsonsu masu bauta masa shi kaɗai, sai muryarsa ta sarƙe. Direba ya miƙa masa ruwa ya ce, "Sannu Baba, sha tukuna."

Ni kuwa mutanen da ke wucewa nake kallo: wani dattijo da carbi, yara 'yan makaranta, mai shago yana rufewa zai tafi masallaci. A shekara ta 8 bayan hijira an yi wa garin ƙawanya bai buɗu ba, a ta 9 Saƙifawa da ƙafarsu suka je Madina suka musulunta, aka rushe gunkinsu Lata. Da wasu ƙabilu suka yi ridda bayan wafati, su ba su juya ba. Daga cikinsu Muhammadu ɗan Ƙasim ya fito, wanda ya kai Musulunci ƙasar Sindi yana matashi. Fatan nan ya cika, ga shi ina gani a titi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda motocin ziyara ke yi da wurin. Muna zaune wata bas ta sauke alhazai, aka ce musu minti goma, suka ɗauki hoto aka kaɗa su. Su ɗin muka tarar ɗazu a gidan turare sun fi awa guda. Mutum ya biya kuɗinsa ya hau wannan dutse, ya kamata a samu mai zaunar da shi ya gaya masa abin da ya faru a nan.

Azahar a masallacin Abdullahi ɗan Abbas muka yi ta. A Ɗa'ifa ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a shekara ta 68 bayan hijira, kabarinsa na nan gefen masallacin. Muka yi masa sallama da addu'a, muka ratsa tsohuwar kasuwa Kawu ya sayi zumar magarya bayan ya ɗanɗana ta wajen mutum uku. Abincin rana salik muka ci, shinkafa da aka dafa da romo da madara har ta yi luguf, da gasasshiyar kaza a sama. Fadar Shubra daga waje muka gan ta, fari tas da tagogin katako masu sassaƙa.

Da la'asar muka koma Hada don shiga telefirik, ƙananan ɗakunan gilashi da ke rataye a igiyar ƙarfe suna sauka daga saman dutsen zuwa Kar da ke gindinsa, tafiyar kimanin kilomita 4. Kawu ya ce shi dai a bar shi a ƙasa da shayinsa. Maman yara ta riƙe hannuna gam tana ta hailala har muka yi nisa, sannan ta saki jiki ta fara nuna mini abubuwa. Ita ta fara hango tsohuwar hanyar raƙuma a ƙarƙashinmu, siririya, an jera mata duwatsu, tana lanƙwasa a jikin tsaunin. Da muka dawo sama na ce sai na taka ta. Na gangara kaɗan na juyo, kafin in iso inda na fara numfashina ya ɗauke, gwiwoyina na rawa, ga takalmi mai kyau a ƙafata, ga cikina a ƙoshe. A sira jimla ɗaya ce, Manzon Allah ya tafi Ɗa'ifa a ƙasa. Kowace hanya mutum ya bi daga Makka sai ya hau tsaunin nan, shi kuma ya hau, ya sauko da rauni a ƙafa. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce in ya koma gida da wannan zai fara wa ɗalibansa.

Kafin magariba hazo ya fara rufe dutsen, direba ya ce mu yi sauri don saukar ba ta da daɗi in ba a ganin gaba. Muka tsaya a miƙatin Wadi Muharram muka yi wanka da ruwa mai sanyin gaske, muka ɗaura harami. Ɗawafi Kawu da ƙafarsa ya yi, sa'ayi kuwa sai da muka samo masa keke na tura shi. Gobe in Allah ya kai mu sai na nemo kwali da tsumma a naɗe kwalaben ruwan furen nan da zumar Kawu, don a jakar awo za su tafi, ba za a bar mu mu shiga jirgi da su a hannu ba.