Daga Kumasi zuwa Guangzhou: yadda awannin suke tafiya

Duk wanda ya tambaye ni awa nawa ne zuwa Sin, nakan ce ya fara ƙirgawa daga ƙofar gidansa. Tsakanin Accra da Guangzhou kimanin kilomita 12,000 ne a miƙe, jirgi kuma yana cin wajen kilomita 850 a awa. A lissafi, awa 14 ke nan. Amma babu jirgin da zai ɗauke ka kai tsaye, dole ka ratse ta Addis Ababa ko Dubai ko Doha.

Ni ta Addis na bi, da na je sarin kayan waya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyar gida. Daga Kumasi zuwa Accra kilomita 250 ne kacal, amma da cunkoson Nsawam da Pokuase, motarmu ta kai awa 6 kafin mu shiga gari. Washegari jirgi ya ci kilomita 4,300 zuwa Addis cikin awa 6 ɗin nan dai. Saboda haka a Accra nake kwana, wajen 'yan'uwa a Nima. Ban yarda in taso daga unguwar Aboabo a Kumasi ranar tafiya ba.

Tikiti kuwa yana rikita mutane, don kowane lokaci da aka rubuta agogon garin ne. Habasha ta riga Gana da awa 3, Sin da awa 8. Mun tashi Accra da tsakar rana, tikiti ya ce sai la'asar ɗin gobe za mu sauka a Guangzhou. Kai ka ce awa 28 ne, alhali wajen 20 ne, har da zaman jira a filin jirgin Bole na Addis.

Zango na biyu shi ne mai wuya, kilomita 8,000, awa 10 da wani abu, ƙafa ta kumbura cikin takalmi. Mun tashi bayan sha biyun dare, kuma da yake gabas muka nufa, daren bai yi tsawo ba. Wani dattijo ɗan unguwar Asawase ta Kumasi da ke gefena ya ɗaga murfin taga, sai ga jan alfijir.

"Ɗana, tashi, asuba ta yi."

"Baba Alhaji, ai ɗaya na dare ne."

"Na Kumasi ke nan. Dubi waje."

A zaune muka yi sallah. Tun daga nan, rana nake bi wajen sallah idan ina sama, in bar agogon hannu a kan lokacin gida don kiran iyali.

Da muka isa masauki a Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi sauka kuma ake samun abincin halal, dare ya yi amma ido ƙyar, don a jikina rana tsaka ce. Kada ka sa alkawarin ciniki a safiyar farko. Mai barci a ido ba ya tantance kaya, ba ya kuma iya taya farashi.