Macen jan baki a lokacin sheƙa

Har yau akwai masu musu da ni kan hotunan da na ɗauko a wani dajin ƙaya arewa da Goronyo cikin watan Satumba, wai kabare na gani nake cewa jan baki. Hujjarsu ɗaya ce, bakin tsuntsuwar rawaya ne. Abin yana ci mini rai, domin macen jan baki idan lokacin ƙwai ya yi bakinta rikiɗewa yake ya koma rawaya. Namiji ne ke zama da jan bakinsa, fuskarsa ta yi baƙi, wani kuma fara.

Wani dattijo mai gonar gero ne ya kai ni wurin. Da ya ga na ƙura wa bakin ido sai ya ce, "Malam, bar ta baki, dubi mai shiga ɗakin." Na tsuguna gindin bagaruwa na tsare sheƙa ɗaya da madubin hangen nesa. Namiji ya sauko da ƙaramar fara, ya cusa wa 'ya'yan, ya tashi. Ko minti ba a yi ba sai ga mai rawayan baki a ƙofar nan dai, 'ya'yan suka wage mata baki. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Ina kabare zai ciyar da 'ya'yan wani?

Sheƙar ma shaida ce. Ta kabare lilo take yi, ƙofa a ƙasa. Wannan kuwa ƙarama ce, saƙar ɗanyar ciyawa, ƙofa a gefe, ga su birjik a itace guda.

Kada mai son gani ya yi jinkiri. Da farkon damina, idan irin ciyawa ya tsiro jan baki suka rasa abinci, kudu suke yi, sai ciyawarmu ta yi 'ya'ya su dawo. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 10 ko kusa da haka, bayan kamar mako 2 'ya'yan sun tashi, daji ya koma wayam. Idan ka je, hoton baki kaɗai ba ya raba gardama, ɗauki bidiyon uwa da uba a ƙofa ɗaya.

Sa takalmi mai kauri, ka fita da asuba. Kuma ka ɓoye murnarka gaban manoma, domin tsuntsun da kake sha'awa shi ne zai sauka a geronsu, yaransu su wuni suna kaɗa gwangwani a rana.