Asabar, ranar da na rubuta sifili

Tun duku-duku muka hallara a bakin tafki, mu tara, sanyi kamar ya tsinke kunne. Wata biyu ke nan da shigata ƙungiyar masu lura da namun daji, amma sai yau aka ɗora mini aiki na gaske: takarda, fensir, da aron madubin hangen nesa. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ce ta tsakiyar Janairu, wadda aka faro tun 1967. Wetlands International, ƙungiyar duniya mai kula da fadamu da tafkuna, ita ke tattara sakamakon daga ƙasashe sama da 100, har da ɗan namu.

Da na zaci ƙirga ba wani abu ba ne, sai kirinjijiya, wato agwagwar daji mai fito, ta kunyata ni. Na kai 60 ke nan suka tashi fir da wannan fito nasu, suka yi kewaye biyu suka sake sauka, na rasa gaba na rasa baya. Dattijon da ke jagorantarmu ya murmusa.

"Ɗana, ai ba ɗaya-ɗaya ake bi ba. Ƙirga goma, ka riƙe girman tarin a idonka, sai ka dinga auna sauran da shi."

"To Baba, in na yi kuskure fa?"

"Za ka yi. Shi ya sa muke biyu."

Na samu 240, ya samu 270. Ba laifi.

Wanda ya cinye mini lokaci shi ne zalɓe. Yana tsaye cikin ruwa, wuya a lanƙwashe, ko motsi babu, har na soma zaton kututture ne. Kafin ƙiftawar ido ya cafko kifi a gicciye, ya girgiza shi, ya juya shi ta kai don kada ƙaya ta tsaya masa, ya haɗiye. Da idona na ga ƙullutun yana gangarawa a wuyansa. Na manta da takarda sam, sai da aka taɓa ni.

Da muka zo cike takarda na tsallake layin gauraka, tunda ba mu ga ko ɗaya ba. Baba ya sa yatsa a wurin. Ya ce in aka bar layi fayau, mai karantawa ba zai san ko ba a duba ba ne ko an duba babu. Ya ce yana saurayi sukan ji kukansu a nan tun kafin su hango su. Na rubuta 0, hannuna duk ya yi nauyi.

A hanyar dawowa mun tsinci leda buhu biyu da zaren kamun kifi da ya sarƙe a ciyawa, irin wanda ke ɗaure ƙafar tsuntsu. Takalmina ya sha laka, wuyana ya sage. Madubin ma na manta ban mayar ba, gobe da sassafe sai in kai wa Baba.