Ƙofar Bumerang ce ta tsaya min a rai

Jiya da dare na kalli bidiyon faretin sojojin Rasha na 9 ga Mayu 2015 a Mosko, inda aka nuna Bumerang, motar sulke mai ɗaukar sojoji. Tayoyi 8 gare ta, har ruwa tana shiga. Ni kuwa ƙofarta ce ta ɗauke min hankali. Tsohuwar motar sulkensu, BTR-80, injinta a baya yake, dole soja ya sunkuya ya fito ta 'yar ƙofar gefe, tsakanin tayoyi, ana tsaka da ɓarin wuta. Kai, rai da daɗi fa! A Bumerang an mayar da injin gaba, sojoji na dira ta baya, jikin motar na kare su. Sai dai har yau ba Bumerang ba, BTR-82A, wato BTR-80 da aka inganta, ita ce ke shan yawancin aikin a rundunar Rasha, ita ma ta gefe ake fita.